KATIN ASIBITIN MALAM FALALU

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cewa na ɓuya tun ranar Lahadi, ga ni. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, ba jan aji ba ne. Ku kuma da kuka cika min waya da zagin Badar, duk na gani, kuma ban ce ba ku da gaskiya ba. Ku dai karanta wannan shafin tukuna.

*

Kwana uku ke nan Malam Falalu bai kunna rediyo a mota ba.

Wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara goma sha tara yana tuƙi a gidan nan na Nassarawa GRA, tun marigayi Alhaji yana raye har gida ya dawo hannun ɗansa Injiniya Badaruddeen, kuma bai taɓa tayar da mota bai murɗo labaran safe ba, yana ji yana yi wa masu magana gardama kamar suna jin sa. Yau kuwa ko tari bai yi ba.

Badar yana kujerar baya, waya a hannu, amma ba abin da yake karantawa. Shi ma da nasa nauyin. Shekara takwas da aurensu da Fiddausi, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ita ta sha jiƙe-jiƙe, ita ta sha rubutu, ita likitoci suka yi ta juyawa kamar waina a tanda. Gogan naku kuwa ko awon jini bai taɓa yarda an yi masa ba, wai shi lafiyarsa lau. Sai sati uku da suka wuce ya saci jiki ya je wani asibitin kuɗi a bayan Badawa aka gwada shi. Sakamakon farko da hannunsa ya karɓa, ya karanta a mota, ya yayyaga ya watsa a kwata. Tun ranar bai koma ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Yana cin abinci da matarsa, yana sallah a sahu, yana dariya a majalisa, amma a cikin ransa shi kaɗai yake zaune, kuma kaɗaicin nan yana cin sa.

Ba su yi nisa da gida ba Malam Falalu ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wata darbejiya, ya kashe mota.

"Lafiya, Malam Falalu? Motar ce?"

"Mota lafiyarta ƙalau, Yallaɓai."

Ya zare makulli, ya juyo, ya miƙo shi da hannu biyu.

"Sallama zan yi maka. Yau zan koma Ringim."

Badar ya ajiye wayar.

"Rasuwa aka yi?"

"Da rasuwa ce da sauƙi."

"To wani abu aka yi maka a gidan? Ka faɗa min ko wane ne."

Malam Falalu ya laluba aljihun gaban rigarsa ya fito da wani farin ambulan da ya sha ninki har ya fara baƙi a gefe. Tun kafin ya iso hannunsa Badar ya hango tambarin asibitin, gabansa ya yanke ya faɗi.

"Ka tuna watan jiya Hajiya Fiddausi ta tura mu wannan asibitin, ni da mai gadi da kuku, aka ɗebi jininmu da fitsari, yadda take sa a yi mana duk shekara? To tun sati biyu suke kirana. Na ɗauka 'yan damfarar nan ne masu neman lambar banki, da na ji an ce asibiti sai in kashe. Ranar Litinin sai ga mai babur ya kawo wannan."

"Wa... wa ya karanta maka?"

"Gawuna na tafi, wajen wani mai kemis, don kada kowa a unguwar nan ya ji sirrina. Ya karanta ya dube ni ya ce, Baba kana da aure? Na ce har da 'ya'ya biyar, ta ƙarshen ko arba'in ba a yi ba. Sai ya yi dariya."

Ya maimaita.

"Dariya ya yi, Yallaɓai. Ya ce mai wannan takardar da wuya ya iya yi wa mace ciki."

Zufa ta keto wa Badar duk da sanyin da ya rage a motar.

Ya san takardar. Tasa ce.

Ranar da ya je asibitin shi ya tuƙa kansa. Ya daɗe zaune a wajen ajiye motoci yana tunanin wa zai gan shi, wace ma'aikaciya ce ƙawar ƙanwar wane, yadda sunan Badaruddeen zai fito daga bakin wata ya shiga gidan biki kafin Asabar. Yana buɗe aljihun mota neman tishu sai ga katin asibitin Malam Falalu, kore, inda mai shi ya manta da shi. Shawarar ba ta ɗauke shi minti biyu ba. Ya miƙa katin, yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa katin yana ɗauke da lambar waya da adireshi ba.

"Kuskure ne," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Asibitocin nan suna haɗa takardun mutane."

"Haka na ce wa mai kemis. Ya nuna min sunana, Falalu Garba, ya nuna min lambar katina. Duk daidai."

"Haba Malam Falalu. Dubi ɗanka Imran fa. Kai da shi kamar an tsaga kara."

"Kwana uku ina dubansa. Shi da ƙannensa, ɗaya bayan ɗaya, suna cin tuwo ina bin fuskokinsu da kallo. Yau in ga hancina, gobe in rasa shi. Wallahi Yallaɓai ban taɓa sanin Shaiɗan yana da baki haka ba. Matata Fatsuma shekara goma sha bakwai muna tare, ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da izinina, amma jiya ta miƙo min jaririyar na kasa karɓa."

"Ka gaya mata?"

"Ban iya ba. Ta ɗauka zazzaɓi nake. Zan kai ta gidan iyayenta ta zauna, ni kuma in samu wuri in yi tunani, kafin bakina ya furta abin da ba zai gyaru ba."

Maganar tana nan a maƙogwaron Badar. Kalma uku ce kacal: takardar tawa ce. Ya buɗe baki. Ya dubi mutumin da ya koya masa tuƙi a filin bayan gidansu, mutumin da ya riƙe makarar mahaifinsa, ya ji idan ya faɗa ba zai ƙara iya zama a bayan motar nan a kira shi Yallaɓai ba.

"Ka ba ni zuwa la'asar," ya ce. "Zan je asibitin da kaina in bincika. Kada ka taɓa kaya sai na dawo."

Ni kaina a nan na ji haushinsa.

Malam Falalu ya jinjina kai kawai, ya buɗe ƙofa ya fita, ya kama hanyar gida a ƙafa. Badar ya zagayo ya zauna a mazaunin direba. Kujerar da ɗuminta.

*

"A'a! Malam Falalu! Sai yau?"

Dakta Shu'aibu dattijo ne mai furfura a gemu, irin likitocin da ba su iya rarrashi ba. Ya ture fayil ɗin da ke gabansa ya nuna wa Badar kujera.

"Sau goma sha ɗaya muka kira ka kana kashe mana waya. Ni na ce a aika maka da takarda har gida, ko ka gane ba wasa muke ba. Ka karɓi sakamako ɗaya ka gudu, ka bar na jini, alhali shi ne ya fi damuna."

"Likita, ai na ga abin da na zo nema. An ce ƙwayoyin haihuwar kaɗan ne ƙwarai. Me ya rage?"

"Komai ma ya rage. Matsalarku ke nan ku maza, kun ɗauka gwajin nan na haihuwa ne kawai. Jikin namiji idan wani abu ya fara lalacewa a ciki, sau da yawa maniyyi ne yake fara nunawa, tun mutum yana yawo da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau. Ciwon siga yana taɓa shi, hawan jini yana taɓa shi, ƙiba, ƙarancin sinadarin maza, duk suna taɓa shi. Shi ya sa idan na ga irin sakamakonka ba na tsayawa a kan haihuwa, sai na nemi abin da ya jawo. Miƙo hannunka."

Ya ɗaura masa abin awon jini ya matsa. Ya dubi lambar, ya sake matsawa, ya yi tsaki.

"Kana yawan jin ƙishirwa?"

"E."

"Fitsari fa?"

"Ko a taro nake sai na fita sau biyu, sau uku."

"Kasala? Ka ci abinci ka ji kamar an zare maka laka?"

"Wannan ai basir ne, likita. Ina shan magani."

"Basir!" Dakta Shu'aibu ya jefar da biro. "Namiji a garin nan ko ƙafarsa ce ta karye basir ne. Wane magani?"

Badar ya sunkuyar da kai.

"Akwai jiƙo da wani abokina yake kawo mana majalisa. Sai kunun aya da matata take yi min kullum, da dabino da zuma da madara. An ce yana ƙara wa namiji ƙarfi."

"Kofi nawa?"

"Jug guda."

"Tun yaushe?"

"Ya kai shekara huɗu."

Likitan ya girgiza kai.

"Siganka ya yi sama ƙwarai, kuma ba jiya ya fara ba. Jininka ma ya hau. Baiwar Allah tana tsaye a kicin kullum tana markaɗa maka abin da yake ƙara maka ciwo, don ba wanda ya gaya mata, don kai ma ba ka tsaya an gaya maka ba. Wannan duk da sauƙi, akwai magani, akwai tsarin abinci, kuma idan aka daidaita su wasu mazan ƙwayoyinsu suna ƙaruwa. Tashi ka hau gadon can. Wancan zuwan ka ce kana sauri ka hana ni duba ka. Yau ba inda za ka."

"Likita..."

"Ni sa'an babanka ne. Hau."

Ya hau. Ya kafa ido a silin, yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Likitan yana dubawa yana 'yan tambayoyi, can sai hannunsa ya tsaya a wuri ɗaya, ɓangaren hagu.

"Wannan ƙullutun da ke jikin maraina, ka san da shi?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Na ɗauka ƙaba ce take son fitowa."

"Wa ka nuna wa?"

"Wa zan nuna wa, likita?"

"Yana ciwo?"

"Ko kaɗan. Shi ya sa ban damu ba."

"Rashin ciwon ne ni ba na so. Sa wandonka."

Da suka koma tebur muryar dattijon ta sauko. Wannan saukowar ta fi faɗan tsoratar da Badar.

"Ka saurare ni da kyau. Ban ce ciwon daji ne ba, ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma mazan da ke da irin sakamakonka sun fi sauran haɗarin samunsa a wurin nan, kuma ƙullutu mai tauri marar ciwo ba abin da ake bari ya kwana ba ne. Idan ma shi ne, yana cikin waɗanda ake warkewa sarai idan an zo da wuri. Kai kuma ka riga ka ci watanni. Gobe ƙarfe takwas za a yi maka hoto da wani gwajin jinin. Idan ya nuna abin da nake tsoro, maganar aiki za mu yi a satin nan, kuma akwai shawarar da ba a yanke ta sai da matar mutum. Ka zo da ita."

Ya jawo takarda ya fara rubutu yana faɗa a fili.

"Falalu... Garba..."

"Ba sunana ba ne."

Biron ya tsaya.

"Me ka ce?"

"Sunana Badaruddeen. Falalu direbana ne. Katinsa na ɗauka."



"Takardar da muka aika fa?"

"Tana hannunsa tun Litinin. An karanta masa. 'Ya'yansa biyar. Yau yake shirin mayar da matarsa gida."

Dakta Shu'aibu ya cire tabarau ya ajiye, ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara talatin ina aikin nan. Na ga wanda ya zo da niƙabin matarsa a aljihu don kada a gane shi, na ga wanda ya ce sakamakon na abokinsa ne. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki ciwonsa ya rataya a wuyan talakansa ba. Ka gaya masa gaskiya?"

"Na kasa."

"Matarka fa?"

Badar ya girgiza kai.

Likitan ya yage takardar farko, ya ɗauki sabuwa, ya sa shi ya faɗi cikakken sunansa harafi bayan harafi. Ya miƙa masa.

"Fayil ni zan gyara, laifinmu ne da ba mu duba fuska ba. Gidan mutumin nan kuwa ba ni da biron da zai gyara shi. Ka tashi ka tafi yanzu. Gobe takwas, kuma kada ka zo min kai kaɗai."

*

A mota ya zauna bai tayar ba.

Karo na farko ke nan da ya ga sunansa a kan takardar asibitin nan. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Ya ɗauko waya ya shiga bin sunaye daga sama. Abokan aiki, 'yan kwangila, 'yan majalisa da suke haɗuwa kullum bayan magariba a yi ta shewa ana zolayar wanda aka ce ya gaza a gida, shi ma yana taya su. Yayyensa mata da kullum addu'arsu Allah ya buɗe wa Fiddausi mahaifa. Ya kai har ƙarshe ya dawo. Mutum ɗari tara da wani abu, babu ɗaya da zai iya kira ya ce masa ina jin tsoro.

Kuma tsoron yake ji. Ba na rashin haihuwa ba yanzu, na mutuwa. Ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar da aka binne Alhaji, ba mai ba shi haƙuri, sai wani mai wankin mota da ya leƙo ya ga babban mutum ne ya koma da baya.

Kiran sallar azahar ne ya tashe shi. Ya yi sallah a masallacin asibitin, ya kama hanya.

*

Tun daga bakin get ya san ya makara.

Adaidaita sahu ce tsaye a tsakar gida, an ɗora mata buhu biyu da katifa a naɗe. Yara huɗu sun jeru a jikin bangon ɗakunan baya, Imran babbansu yana riƙe da hannun ƙaramin. Fatsuma tana durƙushe a ƙasa, mayafi ya zame, tana kuka ba sauti. Malam Falalu yana tsaye ya ba ta baya.

Fiddausi ce a tsakaninsu, jaririyar a kafaɗarta, ko takalmi babu a ƙafarta.

Tana ganin motar ta taho da sauri.

"Injiniya, gara da ka dawo. Ka zo ka yi wa Malam Falalu magana, ni ya ƙi jin tawa. Maman Imran ce ta matsa masa da tambaya ya faɗa mata wata magana marar daɗin ji. Wai takardar asibiti."

"Yallaɓai, ka yi haƙuri," in ji Malam Falalu ba tare da ya juyo ba. "Na so in jira la'asar ɗin. Ta ce sai na faɗa mata laifinta."

Fatsuma ta ɗago. Idanunta sun kumbura.

"Yallaɓai, ka san ni tun ina amarya a gidan nan. A kawo Alƙur'ani in dafa. Wallahi tallahi ban taɓa... ban taɓa..."



"Ba sai kin rantse ba, Maman Imran," Fiddausi ta ce. Ta juya ga Malam Falalu. "Malam, ka ji tsoron Allah. Takarda fa mutum ne ya rubuta ta. Ni nan da kake gani na san abin da ake ji idan aka nuna mace da yatsa a kan haihuwa. Shekara takwas ina shiga taro ana yin shiru. Amma ni ko banza abin da aka ce ina da shi ina da shi, na karɓi ƙaddarata. Ita wannan me ta yi?"

Maganar ta daki Badar a ƙirji.

Ta juyo gare shi.

"Ka ce wani abu mana. An ce ka je asibitin. Me suka ce?"

Kowa ya zuba masa ido, har mai adaidaita da mai gadi. Ya dafa motar.

"Imran," ya ce, "ja ƙannenka ku shiga ɗaki."

Yaran suka shige. Ya dubi mai gadi, shi ma ya koma bakin get.

"Malam Falalu, juyo ka dube ni."

Ya juyo.

"'Ya'yanka naka ne, duka biyar ɗin. Ba a taɓa yi maka wannan gwajin ba, jini da fitsarin da kuka bayar ba sa nuna haihuwa. Katinka na tarar a aljihun mota na je da shi, don ina jin kunyar a ga sunana." Ya ja numfashi. "Takardar tawa ce."



Fatsuma ce ta fara sakin wata irin ajiyar zuciya, ta kifa goshinta a ƙasa tana "Alhamdulillahi, Alhamdulillahi," kuka ya ƙwace mata da ƙarfi.

Malam Falalu ya dubi Badar. Bakinsa yana motsi kafin magana ta fito.

"Da safe, a mota, da nake gaya maka na kasa karɓar 'yata... ka sani?"

"Na sani."

"Ka bar ni na taho gida a ƙafa da abin nan a raina."

"Ka yafe min, Malam Falalu."

"Ni mai sauƙi ne, Yallaɓai." Ya nuna Fatsuma da hannu. "Na dubi matar nan na tambaye ta 'ya'yan wa ta haifa min. Da bakina. Wannan wa zai mayar min da shi ciki?"

Ya durƙusa a gefenta, ya sa hannu yana gyara mata mayafi a kan kafaɗa. Ta kauce.

Sai a lokacin Badar ya iya duban Fiddausi.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi masa sauƙi. Ta taka a hankali ta sa wa Fatsuma jaririyar a cinya, ta gyara mata zani, ta miƙe.

"Me takardar ta ce?"

"Ƙwayoyin haihuwata kaɗan ne ƙwarai. Matsalar daga gare ni take, Fiddausi. Wataƙila tun farko."

"Wannan ba komai ba ne." Ta faɗa a sanyaye. "Wallahi da ka zo ka gaya min, da ni zan riƙe ka. Ciwo ai ba mutum ke sa wa kansa ba. Tun yaushe ka sani?"

Ya kau da kai.

"Tun yaushe, Badar?"

Rabon da ta kira sunansa gatsau tun kafin aurensu.

"Sati uku."

Ta lumshe ido tana lissafi, ya ga lokacin da lissafin ya faɗa inda yake tsoro.

"Ranar Talatar makon jiya ka kai ni aka yi min hoton mahaifa, karo na uku. Na ce maka ina tsoro, na farkon suma na yi don azaba. Na ce ko mu haƙura. Ka ce in daure, wataƙila wannan karon a ga inda ya toshe." Ta buɗe ido. "Kana zaune a waje riƙe da jakata kana jin ihuna. Ka sani a ranar?"

"Fiddausi..."

"E ko a'a."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar wadda aka gaya wa farashin kaya. Ta shiga gida. Ba ta yi minti uku ba ta fito da hijabi da takalmi da 'yar jakar hannu, ko akwati ba ta ɗauka ba.

"Malam," ta ce wa mai adaidaita, "sauke musu kayansu. Ni za ka kai, Gawuna, gidan yayata."

Mutumin ya sauke buhunan da katifar da sauri. Ta shiga ta zauna.

Badar ya ƙaraso ya riƙe ƙarfen adaidaitar. Ɗaya hannun yana kan aljihun gabansa, yana jin kaurin takardar a ƙarƙashin yatsunsa. Gobe takwas. Ya san matarsa. Ya san idan ya zaro takardar nan ya miƙa mata, kafin ta kai layi na biyu za ta sauko, ta manta da komai, ta kwana tana yi masa addu'a. Kuma ya san ba zai taɓa gane ko yafe masa ta yi ko tausayinsa ta ji ba.

Ta dube shi ido cikin ido, hawayen farko ya gangaro mata.

"Kafin in tafi, don Allah ka yi min adalci sau ɗaya. Akwai sauran abin da likitan ya ce da ban sani ba?"

Yatsunsa suka kama bakin takardar.

Mai adaidaita ya tayar da inji.

"Babu," in ji Badar.